Kafin Tsoho Ya Tafi da Labarinsa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tattara Labarin Dangi

Duk wanda aka taɓa gani zaune gaban tsohuwa da rikoda a hannu, to ya shirya amsa tambayoyi. Wasu don neman sani suke yi, wasu kuwa gani suke aikin marar abin yi ne. Na tara waɗanda suka fi maimaituwa. Wasu amsoshin daga binciken masana suka fito, wasu daga tuntuɓen da na yi da ƙafata.

Me ake nufi da labarin dangi? Jerin sunayen kakanni ne?

Jerin sunaye ƙashi ne, labari shi ne tsokar. Salsala za ta gaya maka wane ya haifi wane. Labari ne zai gaya maka abin da ya ta da wane daga garinsu, abin da ya haɗa shi da ƙanensa har suka shekara goma ba sa magana, sana'ar da ya gwada ta ƙi shi, da irin dariyar da aka san shi da ita.

Wai da gaske yana ɓacewa? Ai a gidanmu kowa ya san labarin kowa.

Gwada wannan. Faɗi sunayen kakanninka huɗu. Yawancin mutane suna iyawa. To faɗi sunayen iyayensu, su takwas. A nan ake fara inda-inda. Wanda ya kawo sunayen ma, in ka ce ya ba ka labari ɗaya a kan kowannensu, sai ya yi shiru.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Jan Vansina, ɗan ƙasar Beljiyam da ya yi aiki cikin al'ummar Kuba a Kwango, ya gano cewa masu ba da tarihin baka suna da bayani mai yawa game da zamanin kusa, suna kuma da labarin asali, amma tsakanin biyun akwai giɓi. Giɓin nan ba ya zama wuri ɗaya, biyo mu yake yi: kowane zamani ya shuɗe, sai ya matso ya haɗiye na bayansa. Jan Assmann, Bajamushe masanin tsohuwar Masar, ya ƙiyasta cewa abin da ake riƙewa ta hanyar hira kawai ba ya wuce shekara 80 zuwa 100, wato daga kaka zuwa jika ko tattaɓa-kunne. Shi ya sa maganar da Amadou Hampâté Bâ na ƙasar Mali ya yi a taron UNESCO a 1960 ta zaga duniya, inda ya kwatanta mutuwar tsoho da ƙonewar ɗakin karatu.

Ni dai zan ƙara da cewa ba gobara ɗaya ce ke cinye ɗakin ba. Littafi-littafi yake tafiya, tun mai shi yana raye, duk ranar da aka zauna da shi aka tashi ba a tambaye shi komai ba.

Ni ban yi sarauta ba, ban yi yaƙi ba. Wa zai saurari labarina?

Ko masana da manyan mutane suka fara. Da Allan Nevins ya buɗe ofishin tarihin baka a Jami'ar Columbia ta Amurka a 1948, 'yan siyasa da manyan jami'ai ya fi nema. Amma tarin da ake ta komawa kansa har gobe na talakawa ne. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin Amurka ta tura marubutan da suka rasa aiki su zaga su rubuta labarin tsofaffin da aka haifa cikin bauta. An samu labarai fiye da 2,300, suna ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar. Yawancin tsofaffin nan ba su iya rubuta sunansu ba. Yau ba wanda zai yi rubutu kan bauta a Amurka ya tsallake su.

Abin da kake gani ba komai ba, shi ne abin da jikanka zai yi mamakinsa: yadda ake aika saƙo kafin waya, kwana nawa tafiya take ci, abin da ake tsoro, abin da ake wa mutum dariya a kansa.

Da wace tambaya zan fara?

Da ƙarama. Kuskurena na farko shi ne na ajiye rikoda gaban kakata na ce, "Kaka, ki ba ni tarihin rayuwarki." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai tafi can. Wane tarihi gare ni? An haife ni, an yi mini aure, na haifi uwarka, ga ni zaune." Hira ta ƙare kafin ta fara.

Bayan kamar mako biyu ina zaune kusa da ita tana gyaran wani tsohon mayafi, idona ya kai kan wani tabo a wuyan hannunta na hagu, fari-fari, kamar girman babban yatsa. Tun ina yaro nake ganinsa. Na ce, "Kaka, wannan tabon fa?" Ta ajiye allurar. Ta shafa wurin da yatsa ta ce ƙuna ce, tana da kamar shekara tara, ta fizgo ƙanenta da ya rarrafa ya nufi wuta. Na ce wane ƙane? Ashe akwai wani yaro da ya rasu bai kai shekara uku ba, wanda ko mahaifiyata ba ta taɓa jin sunansa ba. Daga kansa muka shiga ɗakin uwarsu, muka fita zuwa rijiyar da suke ɗiban ruwa, muka iso ranar da mahaifinsu ya dawo daga wata doguwar tafiya ba ta gane shi ba ta ruga ta ɓuya. Sa'a ɗaya da 'yan mintoci, duk daga tabo.

Saboda haka ka nemi abin da za a iya gani ko taɓawa. Tsohon hoto, akwati, zobe, wasiƙa, sunan laƙabi. Ka ce, "Baba, ku kwatanta mini ɗakin da kuka taso a ciki, in an shiga me ke hannun dama?" Ko, "Inna, wa kuka fi jin tsoro kuna yara?" Ka guji tambayar da amsarta "i" ko "a'a" ce. Kada ka dame su da neman shekara. Maimakon haka tambayi abin da ya faru kusa da lokacin, wa aka haifa, wa ke mulki, daga baya ka yi lissafinka.

Akwai kuma wani abu da masu nazarin ƙwaƙwalwa suka tabbatar: tsofaffi sun fi tuna abin da ya same su tsakanin shekara 10 da 30 da haihuwa. Can ne rijiyar ta fi ruwa. Fara jefa guga a can.

In mai magana ya yi shiru, kai ma ka yi. Sau da yawa abin da ya fi nauyi bayan shirun yake fitowa, mu kuwa gaggawar cike wurin da wata tambaya muke yi.

Kawuna labari ɗaya yake ta maimaitawa. Ko ruɗewar tsufa ce?

Ba lallai ba. A 1963 wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Robert Butler, ya yi rubutu yana ƙalubalantar masu ɗaukar yawan tuna baya a matsayin alamar ruɗewa. Ya ce tsoho yana bitar rayuwarsa ne, yana neman daidaita abin da bai daidaitu ba. Labarin da ake maimaitawa yakan zama ƙofa. Saurare shi har ƙarshe, ko da karo na ashirin ne, sannan ka tambayi gefensa: "To washegari me ya faru?" "Wa kuma ke wurin?" In kuwa maimaicin ya zo da manta hanya ko manta fuskokin 'yan gida, wannan maganar likita ce.

Wa ya fi dacewa ya yi tambayar, ɗan gida ko baƙo?

Kowanne da abin da zai samu da abin da za a ɓoye masa. A cikin labaran bayin nan na Amurka akwai wata tsohuwa a birnin Charleston da aka yi hira da ita sau biyu. Ga mai tambaya farar fata ta ba da labarin ubangida mai kirki. Ga mai tambaya baƙar fata ta ba da labarin bulala da raba uwa da 'ya'yanta. Mace ɗaya, rayuwa ɗaya, amma ta duba fuskar mai sauraro kafin ta buɗe baki.

Haka abin yake a kowane gida. Uba ba zai gaya wa ɗansa wautar ƙuruciyarsa ba, amma jika yana iya ji. Akwai abin da mace ba za ta faɗa ba sai ga mace. In da hali, mutum biyu daban su zauna da tsoho ɗaya a lokuta daban. Ƙungiyar StoryCorps, wadda Dave Isay ya kafa a 2003 da wata 'yar rumfa a babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin Niyok, ta gina aikinta ne kan mutum biyu da suka san juna su zauna minti 40, ɗaya yana tambayar ɗaya. Minti 40 ɗin nan ma'auni ne mai kyau. Tsoho yana gajiya, gara zama uku gajeru da ɗaya mai tsawo.

Goggo ta ce kaza, baffa ya ce ƙarya ne. Wa zan gaskata?

Wannan ita ce tambayar da ta fi jawo rigima, kuma amsar ba ta yi wa kowa daɗi: mai yiwuwa dukansu ba ƙarya suke yi ba, kuma dukansu ba daidai suke ba.

Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa. Washegari wani malamin Jami'ar Emory ta Amurka, Ulric Neisser, ya sa ɗalibai suka rubuta inda suke da suka ji labarin, da wa suke tare, me suke yi. Bayan kamar shekara biyu da rabi aka sake tambayar 44 daga cikinsu. Goma sha ɗaya ba su dace da ko abu ɗaya daga abin da suka rubuta da hannunsu ba, kuma da yawa suna da tabbacin cewa sabon labarin ne gaskiya. Waɗannan matasa ne, shekara uku ba ta cika ba. Ina ga abin da ya shekara sittin?

Ƙwaƙwalwa ba rikoda ba ce. Duk lokacin da aka tuno abu, sake gina shi ake yi, kuma abin da aka ji daga bakin wasu yana shiga cikin ginin. To kada ka zama alƙali. Rubuta duka biyun, kowanne da sunan mai shi: goggo ta ce, baffa ya ce. In akwai takarda, kamar wasiƙa ko shaidar makaranta, ajiye ta kusa da su. Kada kuma ka narkar da su su zama labari ɗaya mai santsi. Saɓanin kansa bayani ne. In 'ya'yan ɗaki ɗaya sun tuna mahaifinsu mai sauƙin kai, 'ya'yan ɗaya ɗakin sun tuna shi mai zafi, ka koyi wani abu game da gidan wanda babu ɗayansu da ya faɗa maka.

Abin kunya fa? Saki, bashi, kurkuku, ɗan da aka ɓoye?

Ba duk abin da kunne ya ji baki ke faɗa ba. Ni ƙa'idata ita ce: labarinka naka ne, ka ba da shi yadda ka so, amma daga inda ya shiga rayuwar wani mai rai, ya zama na ku biyu. Kafin ka faɗa cikin jama'a, tambayi kanka wa zai kwana da ciwon maganar, kuma yana nan da zai kare kansa?

Amma ban yarda a share komai ba. Gidan da labarinsa duk nasara ce, an yi masa kwaskwarima, kuma yaran gidan suna ganewa. Akwai matakai tsakanin shela da binnewa. Ana iya ɗauka a ajiye, a ce ba za a buɗe ba sai bayan rasuwar waɗanda abin ya shafa. Ana iya faɗa wa manyan gida kawai. Ana iya ba da labarin a sakaya suna.

Dole ne in nemi izini? Ai kakata ce.

Dole ne. Kada ka ɗauki muryar kowa a ɓoye. Ka kuma bambance izini biyu: na ɗauka, da na yaɗawa. Tsohuwar da ta yarda jikanta ya ji, ba ta yarda duniya ta ji ba, kuma wataƙila ba ta san cewa abin da ya hau intanet ba ya saukowa ba. Yi mata bayani da harshen da za ta gane, ka ɗauki amincewarta a farkon faifan.

Kada kuma ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka. Daga 2001 Kwalejin Boston ta Amurka ta ɗauki hira da tsofaffin mayaƙan rikicin Ailan ta Arewa, bisa alkawarin ba za a saki maganar kowa ba sai bayan ransa. A 2011 'yan sandan Ailan ta Arewa suka bi ta hannun hukumomin Amurka suka nemi faya-fayan, kotu ta sa aka miƙa wasu. A 2014, bayan miƙa faya-fayan, har an tsare Gerry Adams, shugaban jam'iyyar Sinn Féin ta Ailan a lokacin, kwana huɗu ana masa tambayoyi kafin a sake shi ba tare da tuhuma ba. Labarin gida da wuya ya kai nan, amma in magana ta taɓa laifi ko rigimar gado, kashe rikodar ka gaya wa mai magana gaskiya: abin da aka ɗauka yana iya faɗawa hannun da ba a nufa ba.

In labarin ya sa mai ba da shi kuka, in tsaya?

Tambaye shi. Kuka ba kullum yake nufin "bari" ba. Gidauniyar Shoah da Steven Spielberg ya kafa a 1994 ta ɗauki shaidar mutane kusan 52,000 cikin 'yan shekaru, yawancinsu waɗanda suka tsira daga kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, kuma da kansu suka zo suka faɗa. Abin da ba a yi shi ne matsa wa mutum. In ya ce ya isa, ya isa. Kada kuma ka naɗe kayanka ka fice nan take ka bar shi da abin da ka tono. Zauna, ku dawo da hirar kan yau, washegari ka leƙo.

Me yara za su ƙaru da shi?

A 2001 Marshall Duke da Robyn Fivush na Jami'ar Emory suka tsara tambayoyi 20 ga yara, irin su: ka san inda kakanninka suka taso? Ka san inda iyayenka suka haɗu? Ka san wata cuta ko masifa da ta taɓa samun danginku? Sun ga yaran da suka fi sanin amsoshin sun fi yarda da kansu, sun fi jure damuwa. Duke ya ce labarin da ya fi amfani shi ne mai hawa da sauka: mun samu, mun rasa, mun tashi, muna tare.

Sai dai a yi hattara. Ba haddar amsoshi ce ke gyara yaro ba. Yaron da ya san waɗannan abubuwa, alama ce cewa a gidansu ana zama a yi hira da shi.

Muna so mu riƙa haɗuwa da maƙwabta muna ba juna labari. Yaya za mu tsara?

Kada ku yi yawa; mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa. Ku zaɓi maudu'i ɗaya ƙarami a kowane zama: aikina na farko, ranar da na ɓata, malamin da ban manta ba. Kowa ya zo da wani abu a hannu in yana da shi. A samu mai kula da lokaci, domin kowace jama'a tana da mutum ɗaya da in ya karɓi magana sai dare, tana kuma da mai shiru wanda labarinsa ya fi na kowa. Ba a katse mai magana don a gyara masa. Mai wata ruwaya ya jira nasa lokacin. Ku yanke tun farko ko abin da aka faɗa zai fita waje. Kuma ku gayyaci baƙin da suka zauna cikinku, da waɗanda ba a saba jin muryarsu ba. In manyan gidaje kaɗai suka yi magana, tarihin manyan gidaje kuka tara.

Wane kayan aiki nake buƙata, kuma a ina zan ajiye?

Wayar hannunka ta isa. Nemi wuri marar hayaniya, kashe fanka da talabijin, ajiye wayar kusa da mai magana a kan wani abu mai laushi. Fara da faɗin kwanan wata, wuri, sunanka da nasa.

Ajiya ce matsalar. Na taɓa kai wayata gyara, mai gyaran ya goge komai, zama huɗu da wani dattijo maƙwabcinmu suka tafi, shi kuma bai ƙara wata shida ba. Tun daga nan nake bin ƙa'idar masu adana kayan tarihi: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gidan daban. Kada ka dogara da dandalin sada zumunta. A 2019 kamfanin Myspace ya sanar cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora cikin kimanin shekara goma sha biyu sun salwanta wajen sauya ma'ajiya. WhatsApp kuma yana rage ingancin hoto in ba a matsayin fayil aka tura shi ba. In akwai tsofaffin kaset a gida, a juye su zuwa kwamfuta tun yanzu, domin zaren yana lalacewa, rikodar da za ta kunna shi ma tana ƙaranci.

Tsofaffin hotuna fa?

Hoton da ba suna, bayan zamani biyu hoton baƙi ne. Zauna da wanda ya san fuskokin, ka rubuta sunaye a baya da fensir mai laushi. Biro yana huda takarda, tawadarsa tana ratsawa.

In zan rubuta, in gyara masa magana?

Cire tari da "am, am" in ka so. Amma karin harshensa, tsofaffin kalmominsa, da yadda yake zagaye kafin ya iso kan magana, bar su. Ka kuma ajiye muryar ko bayan ka rubuta, don takarda ba ta dariya.

Wanda nake so in tambaya ya riga ya rasu. Shi ke nan?

An yi asara, amma ba duka ba. Mutum yakan bar labarinsa a warwatse a hannun mutane: abokan ƙuruciya, abokan aiki, maƙwabta, ƙannen da ya yi rainonsu, har wanda suka yi gaba da shi. Fara da mafi tsufa cikinsu, a wannan makon.

Bayan rasuwar kakata, Allah ya jiƙanta, na je wurin wata ƙawarta da suka taso tare, ta kusa shekara casa'in, idonta ya tafi. Na tambaye ta ko ta tuna yaron nan da aka fizgo daga wuta. Ta yi shiru har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta ce ta tuna, ai ita ce ta ruga ta kira manya. Sai ta ƙara da cewa ba ƙanen kakata ba ne, ɗan maƙwabta ne da uwarsu ta shayar. Na rubuta nata a ƙarƙashin na kaka, da sunanta da kwanan wata.